Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Damure a Faris da Masu Hawa Ƙololuwar Bene

Wani sabon salon ba da labarin tafiya ya shigo ƙasar Hausa ta cikin salula, ya kuwa isa har ƙauyukan Attantane da kasuwannin Mayahi da Tasawa. Tsawonsa bai cika wuce minti 1 ba. Matafiyi, ko ɗan kasuwa ne da ya je sarin kaya Dubai, ko ɗalibi, ko ma'aikacin da aka tura taro, yakan tsaya jikin gilashi a ƙololuwar wani dogon bene, ya juya salularsa daga dama zuwa hagu, ya faɗi lambar hawan da yake, ya ce ikon Allah sai kallo, ya gai da mutanen gida, ya kashe. A gida kuma a yi ta miƙa hoton hannu zuwa hannu, daga majalisar dattawa har farfajiyar makaranta. Tun da abin ya zama salo mai ƙa'idojinsa, har yara suna kwaikwayonsa idan an ce su siffanta wani birni a darasin insha'i, ya cancanci a ɗora shi bisa ma'aunin da ake ɗora kowane aikin adabi.

Ba yau mutanen ƙasar nan suka fara tafiya ba, ba kuma yau suka fara ba da labarinta ba. Alhazan ƙasa, waɗanda suka bi ta Cadi da Sudan suka yi shekaru kafin su ga Makka, sun dawo da labarai cike da mutane: wanda ya ba su masauki, wanda ya tauye musu mudu, irin tuwon da ake ci a can, yadda ake gaisuwar mutuwa. Ɗan cin rani da ya dawo daga Kano ko Legas ko Libiya ma haka labarinsa yake. A cikin sabon salon kuwa babu kowa sai mai riƙe da salula.

Laifin ba na matafiyin ba ne shi kaɗai, domin haka aka tsara wurin. A ɗauki Burj Khalifa ta Dubai, wadda ta fi yawa a cikin irin waɗannan hotuna. An buɗe ta ranar 4 ga Janairu 2010, tsayinta mita 828. Dandalin kallo na hawa na 124 yana mita 452 daga ƙasa, na hawa na 148 kuma, wanda aka ƙara a 2014, yana mita 555. Mai ziyara yakan sayi tikiti mai ɗauke da sa'ar shigarsa, kuɗin ya fi tsada wajen faɗuwar rana. Ta cikin wani makeken kanti ake shiga, sa'an nan akwatin nan mai hawa da mutane, asansar, ya cilla shi sama cikin kimanin minti 1. Ya zagaya, ya ɗauki hoto, ya fito ta shagon tsaraba. Tun shigarsa har fitarsa bai taka titin birnin ba, bai ji harshen mutanensa ba, ƙamshin girkinsu ma bai iso shi ba. Daga can sama mota ƙwaro ce, mutum kuwa ba a ganinsa.

Waɗanda ba a gani ɗin nan su ne labarin. Akasarin leburorin da suka ɗaga ginin daga Indiya da Pakistan da Bangladash suka zo, ƴan cin rani irin na ko'ina, kuma a watan Maris na 2006 sun yi bore a kan albashi da yanayin aiki. Sunan ginin kansa yana da tarihi: Burj Dubai aka yi ta kiransa har ranar buɗewa, sai aka mayar da shi Khalifa, sunan sarkin Abu Dabi na wancan lokaci, bayan da masarautarsa ta agaza wa Dubai da dalar Amurka miliyar 10 a ƙarshen 2009, lokacin da bashi ya shaƙe ta. Duk wannan gilashin ba ya nuna shi. Masanin Faransa Michel de Certeau, a littafinsa L'Invention du quotidien na 1980, ya yi nazarin kallon Niyok daga hawa na 110 na tagwayen benayen da suka rushe a 2001. A ganinsa wanda ya hau can yakan koma ido tsagwaro, birni ya zame masa shafi shimfiɗaɗɗe, alhali masu tafiya a ƙasa su ne ke rubuta shafin da sawunsu. Bahaushe ya riga shi faɗa, a taƙaice kuma: hangen Dala ba shiga birni ba.

Akwai wani abu da de Certeau bai taɓo ba, wanda tarbiyyar Hausa ta sani. A nan hawa sama yana da ladabi. Mai yaɓen soro ko mai sassabe bisa itace, idan zai hau inda zai iya leƙa gidan maƙwabta, sai ya ɗaga murya ya sanar, domin matan gida su kintsa. Dogayen gine-ginen da aka gada kuma aiki aka yi su domin shi. Hasumiyar Gobarau ta Katsina da ta babban masallacin Agadas, mai mita 27 ta jar ƙasa, an ɗaga su ne domin muryar ladan ta kai nesa, domin kuma a hangi mai zuwa. Wanda ya hau, saƙo yake kai wa na ƙasa. A ƙasar Mayahi, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar rairayi da gero da goribar Gulbin Kaba, abin da ya fi komi tsawo shi ne shaton ruwa da ƙarfen salula, kuma gwanintar awon da aka gada ta zurfi ce: tsoho yana iya faɗin gaba nawa rijiyar garinsu take, da wanda ya haƙa ta. Dandalin kallo ya zo da wani abu dabam, wato leƙe ba sallama, kuma na kuɗi. Tambayar ta fi nauyi a Makka, inda benen agogo mai mita 601 ya yi wa Harami rumfa, aka kuma buɗe wurin kallo a samansa a 2019. Alhazai da dama suna dawowa da hoton Ka'aba an ɗauko ta daga bisa, ƴar ƙarama, masu ɗawafi kamar zare. Wannan magana ce ta malamai, a bar musu ita.

Abin mamaki shi ne silimar Nijar ta riga ta yi wannan muhawara tun kafin a haifi akasarin masu hawa benayen yau. Fim ɗin Petit à petit, wanda za a iya fassara sunansa da Sannu-sannu, Jean Rouch ya ɗauke shi a 1968 da 1969 tare da abokansa Damure Zika da Lam Ibrahim Diya da Illo Gaudel, ya fito a 1971. Doguwar sigarsa ta kusa sa'a 4, gajerar kuwa sa'a 1 da rabi. Su ukun suna da kamfanin shigo da kaya da fitarwa a Ayoru, bakin kogin Isa. Da suka ji wani zai gina bene mai hawa da yawa a Yamai, sai suka ƙudura su gina wanda ya fi shi. Damure ya tashi zuwa Faris da tambaya guda: ƙaƙa mutane suke zama a gidan da aka ɗora bisa wani gida?

Ƙarfin fim ɗin duka yana cikin wannan tambaya. Mai yawon buɗe ido yana tambayar hawa nawa ne, amsar kuwa lamba ce, daga ita magana ta ƙare. Tambayar Damure ba ta amsuwa sai an sauko an shiga cikin mutane. A dandalin Trocadéro, daidai inda baƙi suke cincirindo domin ɗaukar hoton hasumiyar Eiffel, shi mutanen Faris ya tare. Ya fito da ma'auni yana gwada kawunansu da ƙirazansu, yana roƙon su buɗe baki ya duba haƙora, yana rubutawa cikin natsuwa irin ta mai bincike. Ba banza aka zaɓi wurin ba, domin nan ne gidan tarihin Musée de l'Homme yake, cibiyar masu nazarin al'ummomi, fannin da magabatansa suka daɗe suna yi wa Afirkawa irin wannan awo. Dariyar da wurin yake ba mai kallo tana da ɗaci a ƙarƙashinta. Mai sa ido zai lura da fuskokin waɗanda ake aunawa: wasu suna murmushin kunya, wasu sun ƙosa, kusan duka dai sun tsaya an gwada su, kamar yadda kakannin mai gwadawa suka tsaya.

Damure yana aika wasiƙu gida yana siffanta suturar mutanen Faris da halayensu a matsayin abin al'ajabi, har abokansa suka zaci ya taɓu, suka tura Lam ya dubo shi. Malaman Faransanci za su gane dabarar nan take, ita ce ta Montesquieu a Lettres persanes na 1721, inda baƙi daga Farisa suke kallon Faransa da sabon ido. Bambancin shi ne Montesquieu ƙago baƙinsa ya yi ya sa musu magana a baki. Damure mutum ne mai jini a jika, jikan masunta, ma'aikacin lafiya a Yamai, kuma ba a rubuta masa zance ba, a gaban na'ura yake ƙirƙiro shi. Shi ya sa barkwancinsa yake da ɗanɗanon wasan taubasai, wanda ake faɗa wa mutum gaskiya a cikinsa ba a yi faɗa ba. Tarihi ma ya taya shi. A 1969 aka fara ginin benen Montparnasse mai mita 210, aka gama a 1973, aka yi ta kai baƙi hawa na 56 su kalli birnin. Mutanen Faris suka ƙi jininsa har suna cewa daga samansa ne birnin ya fi kyau, domin nan kaɗai ne ba a ganinsa, kuma a 1977 aka taƙaita tsayin sababbin gine-gine zuwa mita 37. Wato lokacin da Damure ya je koyon bene, masu benen suna gab da yin nadama.

Amma yabon gwani ba ya hana a faɗi inda ya yi tuntuɓe. Rabin fim ɗin na biyu ya yi sako-sako. Damure da Lam sun sayi tsohuwar motar alfarma, sun kwaso wata Basanigaliya da wata Bafaransa mai buga tafireta da wani ɗan Kanada mara aikin yi, sun dawo da su gida. Matan nan biyu ba a ba su idon kansu ba, ana kallonsu ne kawai, kusan kamar tsarabar da aka sayo a shagon ƙasan bene. Ƙarshen ma yana da wuyar haɗiya. An gina benen, baƙin sun gaji sun watse, su Damure suka bar kamfani suka koma bukka a bakin kogi. Hoton yana da kyau, sai dai mafarki ne na wanda ruwan sama bai taɓa zubo masa ta jinka ba. Manomin Attantane da ya sayar da wake ya sayi kwanon rufi ya san dalilinsa, ba ruɗin Turawa ne ya ɗebe shi ba. Shekara 2 bayan fitowar fim ɗin, farin 1973 ya nuna yadda zaman karkara yake idan damina ta ƙi. Tun a 1965 Usman Sembene ya zargi Rouch da kallon Afirkawa kamar ƙwari. Petit à petit ya yi kama da amsa ga wannan zargi, amsa mai wayo, amma na'urar tana hannun Rouch har aka gama, shi ne kuma ya yanke abin da za a gani.

Sauran matsalar ita ce harshe. Da Faransanci aka yi fim ɗin, saboda haka waɗanda suka fi cancantar su yi wa Damure dariya, su kuma yi gardama da shi, su ne ba za su ji shi ba. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004, an binne shi a Yamai, Damure ya bi shi a 2009, aikinsu kuwa ya fi yawo a jami'o'in Turai bisa ga makarantun jihar Maraɗi. Ƙungiyoyin al'adu suna iya gyara wannan ba da kuɗi mai yawa ba, ta hanyar da masu majigi suka bi a da: a haska fim, wani mai baki ya tsaya gefe yana fassarawa. Malamin aji kuma yana iya nuna wa ɗalibai hoton minti 1 na ƙololuwar Dubai, ya bi shi da awon Trocadéro, sa'an nan ya ce kowa ya ƙirga mutanen da ya gani a kowanne, ya rubuta abin da ya koya game da su.

Idan an samu hali a haɗa da fim na uku. Basanigaliyar nan da aka bari ba ido a Petit à petit ita ce Safi Faye, wadda ta rasu a 2023. Bayan fim ɗin ta karanci nazarin al'ummomi a Faris, ta ɗauki na'ura da hannunta, ta koma ƙauyensu Fadiyal ta yi Kaddu Beykat a 1975. Shi ma wasiƙa ce, sai dai daga ƙauye ta fito. Manoma ne zaune a gindin itace suna lissafin bashin da noman gyaɗa ya jefa su ciki, lissafin da dattawan Tasawa da suka yi zamanin gyaɗa ba sa bukatar tafinta kafin su gane shi. Hukumomin Sanigal sun hana nuna fim ɗin lokacin da ya fito.