Jinjina ga Ma'aikatan Lafiya na Gaɓar Kainji

A Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Wara da ɗimbin fasinjoji. Ba a gama zaman makoki ba, ran 17 ga Yuni 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Irin wannan masifa ba ta tsayawa a jiki. Uwa za ta zo asibiti da ciwon kai, da hawan jini, da rashin barci, alhali tushen ciwon yana zuci.

Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa suna nesa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware yana can gaba da Sakkwato. Don haka nake jinjina wa malaman jinya da ungozomomi da ma'aikatan lafiya na ƙauyukan Ngaski da Shanga, musamman wanda zai gwada jini sannan ya tambaya, "Inna, kina samun barci kuwa?" Ya sanar da likita, likita ya tuntuɓi mai ba da magani, a tura wanda abin ya yi wa tsanani gaba. Irin haɗin hannun da shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema ke nan tun 2008, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sanya wa hannu a 2023 ta ƙarfafa shi.