Baƙon Treichville: sake kallon "Moi, un noir"

Duk wanda ya tashi a Tawa ko cikin ƙauyukan Adar ya san lokacin da gari kan yi tsit. Da an ɗaure dammunan hatsi, sai samari su ɗauki ƙunshinsu su nufi bida, kuma Abijan na cikin wuraren da aka fi ambata. Wannan hanya ta girmi ƴancin kan Nijar. A kanta ne Jean Rouch ya gina fim ɗinsa "Moi, un noir", wanda ya ɗauka a 1957 a unguwar Treichville, ya fito a 1958, ya kuma ci kyautar Louis-Delluc a Faransa. An yi ta rubutu a kan yadda fim ɗin ya buɗe wa masu silima na Turai sabuwar hanya. Abin da ya dame ni daban ne: me fim ɗin ya gani game da zaman baƙunci, kuma me ya kuɓuce masa?

Labarin ba shi da yawa. Wasu samari ƴan Nijar ne ke kwana a Treichville, da safe su ƙetare ruwa su tafi neman leburanci a tashar jiragen ruwa. Ana biye da su ranakun aiki, da Asabar, da Lahadi, har Litinin ta sake zagayowa. Kowannensu ya ari suna daga silimar da yake kallo. Umaru Ganda, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indoshin, shi ne Edward G. Robinson, abokinsa Eddie Constantine, direban tasi Tarzan, yarinyar da ake so kuwa Dorothy Lamour. Da yawa sun ɗauki wannan a matsayin wasan yara ko alamar ruɗewa da Turai. A ganina ya fi haka nauyi. Mutumin da ba a san gidan ubansa ba, wanda ba mai kiransa da sunan garinsu, dole ya samo wa kansa sunan da gari zai amsa. Waɗannan sunaye su ne takardun shaidarsu na farko a Abijan, kuma su suka ba kansu.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin muryar Ganda. An ɗauki hoton ba tare da sauti ba, daga baya aka zaunar da shi yana kallon kansa yana magana. Saboda haka muna jin mutum biyu a lokaci guda: leburan da ke tafe a titi da aljihu wayam, da wanda ke kallonsa yana yi masa ba'a, yana tausaya masa, wani lokaci yana zuga shi. Da ya tuno wankan yara a kogin Kwara sai murya ta yi laushi. Da ya zo kan Indoshin a ƙarshen fim, yana tafe a bakin ruwa yana kwatanta yadda ake faɗuwa ƙasa a yi harbi, sai ɗaci ya fito fili: ya ba Faransa ƙuruciyarsa, ga shi yana ɗaukar buhu. Ba na jin akwai sharhin wani masani da zai kai wannan.

Inda nake da ja da Rouch shi ne bayanin da ya buɗe fim da shi. Ya gabatar da samarin a matsayin wata cuta ta sababbin biranen Afirka, matasan da suka maƙale tsakanin al'ada da zamani, tsakanin masallaci da mashaya. Wannan riga ta yi musu kaɗan. Ta kuma ɓoye wani zato da fim ɗin bai taɓa tuhuma ba, wato ɗan ci-rani gwauro ne mai wucewa, wanda zai koma gida kafin damina. Ba mu ga wanda ya yi aure ya kafa gida ba, ba mu ga ɗan da aka haifa a Treichville wanda bai taɓa ganin Yamai ba. Alhali a kan waɗannan ne rigimar ta faɗa daga baya.

Sai dai a yi wa Rouch adalci: a 1957 tambayar ba ta taso da wannan siffa ba. Nijar da Kodibuwa duk suna cikin tarayyar Afirka ta Yamma ta Faransa, kuma tun dokar Lamine Guèye ta 1946 mazauna yankunan sun zama ƴan ƙasa a takarda. Robinson baƙo ne a ciki da aljihu, amma a gaban doka ba baƙo ba ne. Abin da ya biyo baya shi ke sa kallon fim ɗin yau ya zama da nauyi. A watan Oktoba na 1958, shekarar da fim ya fito, aka far wa ƴan Dahome da ƴan Togo a Abijan, dubbai suka bar ƙasar. A 1960 iyaka ta zama ta gaske. Houphouët-Boigny ya kawo shawarar ba ƴan ƙasashen Conseil de l'Entente, har da Nijar, ƴancin zama ƴan ƙasa biyu, amma adawar cikin gida ta sa ya janye a 1966. A 1972 aka toshe ƙofar da ke ba ɗan baƙo da aka haifa a ƙasar damar zama ɗan ƙasa ta hanyar bayyana buƙatarsa kawai. A farkon shekarun 1990 katin zama ya shigo, sannan aƙidar "ivoirité" ta zamanin Bédié ta mai da sunan mutum da rigarsa abin tuhuma a shingen jandarma. Ƙidayar 1998 ta nuna kashi 26 cikin ɗari na mazauna ƙasar baƙi ne, kuma kusan rabinsu a can aka haife su. Yaƙi ya ɓarke a 2002. Sai a 2013 aka yi dokar da ta sake buɗe waccan ƙofa na ɗan lokaci ga wasu daga cikinsu.

Da wannan tarihi a ka, wasu wurare na fim ɗin kan canza ma'ana. Daren Goumbé, inda ƴan ci-rani ke rawa suna naɗa sarkinsu da sarauniyarsu, ya wuce nishaɗin ƙarshen mako. Jama'a ce ke kafa wa kanta hukuma a wurin da ba ta da wakili. Ɗaurin wata uku da aka yi wa Eddie Constantine bayan faɗa da ɗan sanda, wanda fim ya wuce shi da sauri, shi ne karon farko da muka ga ɗayansu gaba da gaba da hukuma. Rouch bai tsaya a nan ba, don hankalinsa na kan mafarkin samarin, ba kan matsayinsu ba. Sembène Ousmane ya taɓa zarginsa da kallon ƴan Afirka kamar ƙwari. A kan wannan fim zargin ya yi tsauri, tunda Ganda ya ƙwace magana, amma wanda ya zaɓi tambayar har yanzu Rouch ne.

Ganda kansa bai zauna a Abijan ba. Ya komo Yamai, ya riƙe na'ura da hannunsa, ya yi "Cabascabo" a ƙarshen shekarun 1960. A can ma tsohon soja ne ya dawo gida, abokai suka kewaye shi har kuɗin sallama suka ƙare, sannan suka watse suka bar shi.