Bindiga a Matsayin Shaidar Zamani: Tarken Makamai a Finafinan Tarihi na Hausa

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba auna fim ɗin tarihi da ma'aunan da suka gada daga tarken ƙagaggun labarai, wato jigo da zubi da tsari da salon sarrafa harshe. Kayan da 'yan wasa ke riƙe da su kuwa ba kasafai ake waiwayar su ba. Wannan maƙala na ganin cewa kowace bindiga tana da zamaninta, kamar yadda kowace kalmar aro take da lokacin shigowarta. Saboda haka bindigar da aka ɗora wa ɗan wasa a kafaɗa tana iya gaskata labari ko ta ƙaryata shi tun bai buɗe baki ba. Za a yi amfani da Ƙofar Dumi, ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar Bauchi, a matsayin dandalin gwaji.

2.0 Yadda Ake Gane Bindiga

Wurin da ya kamata manazarci ya fara duba shi ne inda wuta ke tashi, da kuma inda ake yin ɗuri.

(i) Mai lagwani: da igiya mai ci da wuta ake kunna albarushinta. Ita ce ta yaɗu a ƙarni na 16, zamanin da Mai Idris Alooma na Barno ya samu 'yan bindiga Turkawa.

(ii) Mai ƙanƙara: dutse ne ke bugun ƙarfe ya ba da tartsatsi. Doguwa ce, ta baki ake ɗura ta, kuma daga cikin irinta ne adaka ta fito.

(iii) Mai hula: 'yar hular tagulla ta maye gurbin ƙanƙara. Ba ta bazu a Turai ba sai daga shekarun 1820.

(iv) Mai ɗuri ta gindi: ita ce mai cin harsashi, kamar Martini-Henry ta 1871 da Lee-Enfield ta 1895. Bindiga mai ruwa, wato Maxim, a 1884 aka ƙera ta.

Ukun farko duk harbi ɗaya suke yi, su turnuƙe wuri da farin hayaƙi, sannan mai su ya tsaya ya sake ɗuri. Duk fim ɗin da adaka ta tashi sau uku a jere cikinsa, to ya saɓa wa abin da kowane maharbi ya sani.

3.0 Ƙofa Ɗaya, Zamani Uku

A ɗauka mai shirya fim ya kafa na'urarsa a Ƙofar Dumi. Idan labarinsa na zamanin Malam Yakubu ne, wanda ya kafa birnin a 1809 ya kuma rasu a 1845, to baka da kibiya da mashi da takobi da lifidi su ne makaman fama. Bindiga ba ta da yawa a lokacin. Clapperton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana yaƙar Gobirawa a 1826, ya ƙirga bindigogin da ba su kai 50 ba a cikin dubban mayaƙa. Cika fage da 'yan bindiga a nan ƙarya ce ga tarihi, kuma tauye haƙƙin 'yan baka ne, waɗanda su ne ƙashin bayan rundunar jihadi.

Idan kuwa labarin na ƙarshen ƙarni na 19 ne, hoton ya sauya. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi har ana ƙera masa igwa, Rabe kuma ya ci Barno a 1893 da ƙarfin bindiga. A nan ya dace a ga mai ƙanƙara da mai hula gefe da gefe, mai cin harsashi kuwa sai jefi-jefi, domin yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta taƙaita sayar da irinta a Afirka.

Zamani na uku shi ne Fabrairun 1902, lokacin da sojan Ingila suka shiga Bauchi suka tuɓe Sarki Umaru. Ba a gwabza a bakin ganuwa ba. Mai son nuna ɓarnar bindiga mai ruwa sai ya nufi Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Yulin 1903. Haka kuma mak-fo, wadda 'yan sanda suka daɗe suna riƙewa, ta Yaƙin Duniya na Biyu ce, ba ta da gurbi a hannun sojan Lugga.

4.0 Matsayin Shaihu Umar

Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya faɗa cikin zamani na biyu, kuma a Rauta ta ƙasar Bauchi ne Shaihun ke ba da labarinsa. Da yake labarin ya ratsa ƙasar Hausa da Sahara, wajibi ne mai tarkensa ya bambance makamin ɗan harin bayi da na Balaraben ayari, domin hanyoyin da makamai ke iso musu ba ɗaya ba ne.

Masu finafinan bidiyo sukan ce fim ba littafin tarihi ba ne, kuma kuɗi ba su da yawa. Gaskiya ne, amma uzurin bai isa ba. Aro daga maharba ko 'yan bindigar fada ba laifi ba ne idan an san zamanin abin da aka aro, kuma masassaƙi da maƙeri za su iya kwaikwayon kowace siffa idan an nuna musu hotonta.

5.0 Kammalawa

Yaro da yawa a yau a fim yake fara ganin kakanninsa kafin ya karanta labarinsu. Abin da ya gani a hannunsu shi zai riƙe, kuma gyaran abin da ido ya gani ya fi gyaran rubutu wuya. Don haka ana ba da shawarar a sanya nazarin makamai cikin ma'aunan tarken fim, masu shiryawa kuma su riƙa tuntuɓar gidajen tarihi da masu sarautar Sarkin Bindiga kafin su fita ɗauka.