Teburin Wa Ke Cikin Kwamfutarka?

Kunna kwamfuta ka dubi fuskarta da kyau. Ga shimfiɗar da ake kira tebur, a kanta ga ƴan hotuna: folda ruwan ɗorawa, kwandon shara, ambulan. Ga tagogi suna buɗewa, ga jerin zaɓi, ga ƴar kibiya tana bin motsin linzami. Taga, alama, jerin zaɓi da kibiya su ne ginshiƙai huɗu na fuskar manyan manhajoji irin su Windows da macOS. Ana yawan cewa kowa zai gane su da kallo ɗaya. Wannan maganar nake so mu auna, kuma a Makoda za mu auna ta.

Bari mu fara da ba su haƙƙinsu. Kafin zuwansu, sai ka haddace umarni ka rubuta shi harafi-harafi kafin na'ura ta motsa. Masu bincike na kamfanin Xerox a Kaliforniya ne suka ƙera kwamfutar Alto a 1973, sannan Star a 1981. Macintosh ta biyo baya a 1984, Windows kuma a 1985. Dabararsu mai kyau ce: gane abin da ido ya gani ya fi tuno abin da aka haddace sauƙi. To amma wa suke zana wa? Ma'aikacin ofis na Amurka, wanda tebur da folda da kwandon takardu ke gabansa kullum.

Yanzu ka kawo wannan tebur gaban ɗalibar da ta taso a Koguna. A gidansu ajiya tana nufin rumbu, buhu ko akwati. A cikin manhajar rubutu kuwa, alamar ajiya hoton faifan fulofi ce, wanda kamfanin Sony ya daina yi tun 2011. Ita ba ta taɓa ganinsa ba, balle ta san aikinsa. Wani ƙarfe mai haƙora shi ne saiti. Layuka uku a kwance, waɗanda su ma daga Star suka samo asali, wai su ne ƙofar jerin zaɓi. Ka faɗa mini, me ke cikin layi uku da zai ce maka “taɓa ni”? Ai waɗannan alamomin harshe ne, kuma harshe koyonsa ake yi.

Abin bai tsaya a kan ado ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta kacokan. Ɗalibin da ya san lissafinsa sarai zai iya ƙarar da mintuna yana kokawa da linzami. Hukumar da kanta ta ga matsalar, shi ya sa a 2017 ta fito da tsarin maɓallai takwas, yadda za ka amsa tambaya ba tare da ka taɓa linzami ba. Gyara ne mai kyau, kuma shaida ce cewa “kowa zai gane” ba gaskiya ba ce.

Sai ka kwatanta da alamar makirufo ta WhatsApp. Dattijon da bai yi boko ba yana danna ta ya aika saƙon murya ga ɗansa a Legas. Me ya sa? Ya san makirufo a masallaci da wurin biki, kuma yana dannawa yake ganin sakamako. Alama takan yi aiki idan ta yi kama da abin da mutum ya sani.

Za ka ce ai Facebook tana da Hausa. Haka ne. Sai dai kafin ka kunna Hausar, dole ka bi ta wannan ƙarfe mai haƙora, ka ratsa jerin zaɓi na Turanci. An kulle ɗaki, an bar makullin a ciki.

Ba cewa nake a sauya folda da hoton rumbu ba. Ɗalibar nan za ta yi aiki da na'urorin duniya, dole ta san alamominsu. Abu uku nake nema. Masu ƙera manhaja su riƙa sa kalmar Hausa a ƙarƙashin kowace alama. Su gwada aikinsu a hannun mutanen karkara kafin su sake shi. Malamai kuma su koyar da alamomin nan kamar yadda ake koyar da baƙaƙe, ɗaya bayan ɗaya.

Idan kuma ka ga ƙaninka ya yi cirko-cirko a gaban allon kwamfuta, kada ka ce masa baƙauye. Jawo kujera ka nuna masa, don kai ma wani ne ya nuna maka.