Yawan Gutsuren Taku Ba Shi Ne Daidaito Ba

In za ka sauya wa injin sassaƙa na CNC direba, wato allon da ke ba moto wuta yana ƙirga masa taku, za ka sha jin cewa DRV8825 ya fi A4988 don yana raba taku gida 32, wancan kuwa 16. Ni dai ban yarda da wannan ma'auni ba.

Moton NEMA 23 yawanci taku 200 yake yi a zagaye ɗaya. Rabawar na rage ƙara da girgiza, gaskiya ne. Amma ƙarfin kowane gutsure bai kai kashi 5 cikin ɗari na cikakken taku ba. Katako ya turje, bakin injin ba zai gusa ba sai gutsattsarin sun taru.

Sannan zagaye ɗaya ya koma sigina 6,400, alhali GRBL a kan Arduino Uno iyakarsa wajen 30,000 a sakan. Ko zagaye 5 ba ka samu ba kenan.

Fara duba amfiya. Moto mai amfiya 3 ya fi ƙarfin DRV8825. Sa'ansa DM542 ne, mai kaiwa 4.2. In ka ƙi, direba ya yi zafi ya ɗauke a tsakiyar aiki, katakonka ya tafi a banza.