Jeren Maza A Ƙafar Mota

Na san wata za ta ce, "Ke kuma me ya haɗa mu da wilin mota?" To, ki yi haƙuri ki saurare ni. Maza sun daɗe suna yi mana dariya a kan jere, wai muna tara kwalla da tangaran da ba ma cin abinci a ciki. Ashe su ma suna da nasu jeren, sai dai a ƙafar mota suke yin sa. Mutum ya sayi mota da wilinta lafiya lau, sai ya kwance ya ɗaura na gayu. Tun da kuɗin daga aljihun cefane yake fita, kuma mu da yaranmu ne a kujerar baya, ina ganin muna da bakin magana.

Ni fa ba na ƙin ado. Akwai wilin da in na gani sai na sake waiwaye. Misali wanda kamfanin Fuchs na Jamus ya yi wa motar Porsche 911 a shekarun 1960, mai hannuwa biyar masu faɗi kamar ganyen fure. Ba shi da tarkace, ba shi da nauyi, iska na ratsa shi ta sanyaya birki, kuma da tsumma ɗaya an goge shi. Wannan shi ne kyau na asali, irin na macen da ba sai ta yi fente-fente ba.

Sai kuma mai saƙar raga, irin wanda kamfanin BBS ya fitar a 1983. Shi ma gwanin sha'awa, kamar saƙar faifai. Ƙananan notinan da suka zagaye bakinsa aiki suke yi, domin gida uku ne aka haɗa. Amma jabun da ake kwaikwayonsa dunƙule ɗaya ne, notinan kuwa na roba ne aka liƙa, ba abin da suke riƙewa. Ado ne da ƙarya, kamar sarƙar ruwan gwal ranar biki. Ga wahalar wanki, don baƙar ƙurar birki takan maƙale a kowane ido sai an bi da buroshi.

Mu zo kan fenti. Mai ruwan kurom ya fi kowanne ɗaukar ido, har ki ga fuskarki a ciki. Amma kin san halin kwalla: da zarar ta ɓantare, tsatsa ta sami ƙofa. Shi ma haka yake ɓawo, in kuma ɓawon ya kai inda taya ke kama baki, sai iska ta riƙa zurarewa a hankali, kullum maigida na wajen mai faci. Baƙi wuluk kuwa kyansa na kwana ɗaya ne a garinmu, hunturu na kaɗawa ya koma ruwan ƙasa. Akwai wanda ake fere fuskarsa da inji ya yi sheƙi, a shafa masa man kariya. Ranar da ya gogi bakin kwalbati, ruwa ya shiga ƙarƙashin man, sai ki ga farin tabo yana yaɗuwa kamar makero. A ganina wanda ya fi mutunci shi ne ruwan azurfa ko ruwan toka, musamman na garin fenti da ake gasawa a tanda. Ba ya ihu, ba ya tona asirin ƙura, kuma yana jure rana.

Kada mu manta da mai juyi, wanda mawaƙan Amurka suka yayata a farkon shekarun 2000, mota ta tsaya amma fuskar wilin tana ta wulwulawa. Ina yake yanzu? Ya bi sahun atamfar da aka daina yayi.

Abin da ya fi damuna shi ne girma. Duk incin da aka ƙara wa wili, daga kaurin taya ake rage shi. In an tashi daga inci 15 zuwa 18, gefen tayar ya ragu da inci ɗaya da rabi, kuma wannan robar ce katifar da ke shanye duka in an faɗa rami. Na ga wannan da idona. Wata damina muna hanyar gidan suna a motar ƙanen maigidana, sabon wili sai walƙiya yake, muka faɗa ramin da ruwa ya rufe. Nan take wilin ya tsage, motar ta fizge gefe, goyona a cinya. Allah ne ya tsare. Da na ƙarfe ne, lanƙwashewa zai yi a buga shi ya miƙe. Na alminiyam mai arha zubi ne kamar tukunya, ba ƙira ba, shi kuwa zubi in ya sha wuya tsagewa yake. Wanda aka yi wa walda aka rufe da fenti kuwa, ba na so ko maƙiyina ya hau.

Don haka 'yar uwa, in maigida ya zo da zancen canza wili, kada ki ɗaga murya. Ki bari ya ci ya ƙoshi, sannan ki ce, "Yallaɓai, girmansa ɗaya da na kamfani? Ramukan notinsa sun zauna daidai ko sai an yi dabara? An duba bayansa babu walda? Wa zai riƙa wankewa?" In ya amsa duka, ki taya shi zaɓe, ai mu ne muka san launi. In kuwa ya yi shiru yana sosa ƙeya, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, gara a ƙaro buhun shinkafa.

Allah ya kiyaye mana mazajenmu a kan hanya, ya ba su abin hawa mai albarka, amin.