Komawa Kan Babur Bayan Hatsari: Nazarin Jigo da Taurari a Fim Ɗin Road

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabi sun daɗe da amincewa cewa labari ba a cikin littafi kaɗai yake zaune ba. Duk inda aka zaɓi wasu al'amura aka bar wasu, aka gabatar da wani mutum aka jinkirta wani, to an yi aikin ƙira, kuma ya halatta a ɗora aikin a kan ma'aunin tarke. Da wannan hujja ce muka ɗauko fim ɗin Road, wato Hanya, wanda Michael Hewitt da Diarmuid Lavery suka shirya a shekarar 2014, Liam Neeson kuma ya ba da labarin da muryarsa. Fim ne na labarin gaskiya game da mutum huɗu 'yan gida ɗaya masu tseren babur daga yankin Ballymoney a Ailan ta Arewa: Joey Dunlop da ƙanensa Robert, da kuma 'ya'yan Robert biyu, William da Michael.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ginshiƙin fim ɗin shi ne komawar Robert kan babur bayan hatsarin da ya naƙasa shi, sannan ta auna yadda fim ɗin ya raba adalci tsakanin mai komawa da mutanen da ke zaune a gida suna jiran dawowarsa. Ra'ayinmu shi ne fim ɗin ya yi nasara wajen fahimtar da mu zuciyar mai komawa, amma ya rage mudu wajen auna fargabar masu jira.

2.0 Fagen Labari

Wajibi ne mu fara da bayyana irin tseren da ake magana a kai, domin ya bambanta da wanda ake yi a filin da aka gina musamman. Shi wannan a kan titin jama'a ake yin sa. Akan rufe hanya, mahaya su ratsa ƙauyuka da gudun da kan kusanci kilomita 320 a sa'a ɗaya, ga katangun dutse, ga itatuwa, ga turakun lantarki a gefe. Mafi shahara shi ne tseren TT na Tsibirin Man, wanda aka fara a 1907, kuma zagaye ɗaya nasa ya ɗan haura kilomita 60. Fiye da mahaya 250 sun rasa rayukansu a kan wannan hanya tun daga 1911. Sai kuma tseren North West 200, wanda ake yi a tsakanin garuruwan Portstewart da Coleraine da Portrush.

A wannan fage ne Joey ya lashe tseren TT sau 26, uku daga ciki a shekarar 2000 yana da shekara 48. Bayan makonni kaɗan, a ranar 2 ga Yuli 2000, ya rasu a wani tsere a birnin Tallinn na ƙasar Estoniya. Shi kuwa Robert, a tseren TT na 1994 wilin bayan babur ɗinsa ya tarwatse jim kaɗan bayan ya wuce gadar Ballaugh. Ya tsira da rai, amma hannunsa na dama ya raunana, ƙafarsa ta dama kuma ta gajarce. Ya koma tsere a 1996, hukumar wasan ta taƙaita shi ga ƙaramin babur mai cc 125, kuma a 1998 ya sake lashe tseren TT a wannan aji. Ya yi ritaya, aka yi masa aikin ƙara tsawon ƙafa, ya sake dawowa, ya ci nasararsa ta 15 a North West 200 a 2006. A ranar 15 ga Mayu 2008 ya rasu a lokacin gwajin wannan tsere, yana da shekara 47.

3.0 Jigo da Warwararsa

Mai kallo na farko zai iya ɗauka cewa jigon fim ɗin shi ne jarunta, Joey kuma shi ne babban tauraro, tun da shi ne mai yawan kofuna, kuma shi ne wanda dubban mutane suka halarci jana'izarsa. Mu a namu nazarin, Joey inuwa ce da sauran taurarin ke tafiya a cikinta. Labarinsa miƙaƙƙe ne: ya hau, ya yi fice, ya faɗi. Wanda labarinsa ke da ƙulli shi ne Robert, domin shi ne aka ajiye wa zaɓi a gabansa. Mutuwa ta taɓa shi ta sake shi, jikinsa ya ba shi uzurin da babu mai zarginsa in ya karɓa, ga mata ga 'ya'ya ƙanana, amma ya zaɓi komawa. Saboda haka jigon fim ɗin, a taƙaice, shi ne komawa ga abin da ya kusa halaka mutum.

An warware wannan jigo ta matakai uku. Mataki na farko shi ne komawar Robert bayan 1994, inda abokin gabarsa jikinsa ne. Mataki na biyu shi ne ci gaba da ya yi da tsere bayan rasuwar wansa, inda hujjar da ke gabansa ta tashi daga ciwon jiki ta koma kabari. Mataki na uku, wanda shi ne ƙololuwar fim ɗin, shi ne abin da ya faru kwana biyu bayan rasuwar Robert. Masu kula da tseren sun ga bai kamata William da Michael su hau babur a cikin wannan hali ba, amma suka fito layi. Babur ɗin William ya sami matsala, Michael kuwa, yana ɗan shekara 19, ya shiga tseren ajin cc 250 ya lashe shi, alhali ba a riga an binne mahaifinsa ba. A nan komawar ta daina zama shawarar mutum ɗaya, ta zama gado. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai karin maganar bai faɗa mana inda gudun ke ƙarewa ba.

4.0 Alamtarwa: Birkin Hannun Hagu

Akwai wani ƙaramin al'amari a tarihin Robert wanda ya ɗauke nauyin labarin gaba ɗaya. Saboda raunin hannunsa na dama, an gyara masa babur aka mayar da birkin gaba ɓangaren hagu, kusa da kuloci. Bayanin da aka bayar game da hatsarin 2008 shi ne injin ya cije yana cikin tsananin gudu, ya kai hannu ga kuloci, sai ya taɓa birki, babur ya jefar da shi.

Da marubucin ƙagaggen labari ne ya ƙirƙiro wannan, da mun ce ya cika son daidaita abubuwa. Amma gaskiya ce, kuma ma'anarta a fili take: dabarar da ta ba shi damar komawa ita ce ta zama ƙofar ajalinsa. Ke nan hatsarin 1994 bai ƙare a 1994 ba, ya yi shekara 14 yana tafe tare da shi a hannun babur. Wannan ya rushe tunanin da aka saba ginawa a irin waɗannan labarai, wato cewa wanda ya warke ya koma fage ya yi galaba a kan hatsarin. Mutumin da ya koma ba shi ne wanda ya faɗi ba. Jikinsa ya sauya, babur ɗinsa ya sauya, hanya ce kaɗai ba ta sauya ba. Muna ganin a nan ne ainihin hujjar iyali take. Fargabarsu ba rauni ba ce, lissafi ne na mutanen da suka ga jikin a gadon asibiti, suka san abin da ya rage a cikinsa.

5.0 Salo

Ta fuskar zubi da tsari, fim ɗin ya riƙa kai da komo tsakanin tsofaffin hotunan Joey da Robert da sababbin hotunan William da Michael. Wannan saƙa ta yi amfani ƙwarai, domin duk lokacin da muka ga ɗa yana sanya hular kwano, hoton uba yana nan a idonmu. Mai kallo ya san abin da ya sami na gaba, don haka tsoro ke raka shi a duk wata kwana da na baya ya sha.

Dabara ta biyu ita ce kyamarar da aka ɗaura a jikin babur. Ita ce mafi ƙarfin abin da fim ɗin ya mallaka, kuma ita ce tushen son kansa. Idan katanga da bishiya suka riƙa wucewa kamar ƙiftawar ido, ƙarar inji ta cika kunne, mai kallo kan ɗanɗani abin da mahayi ke ji, har ya fahimci dalilin da ya sa zaman gida ke zame wa irin su Robert kurkuku. Amma babu kyamarar da za a ɗaura a ƙirjin matar da ke sauraron sanarwa, ko uwar da ke jiran ƙarar waya. Gudu yana da hoto da amo, jira kuwa ba shi da ko ɗaya. Daɗin daɗawa, muryar Neeson mai nauyi da natsuwa takan lulluɓe al'amuran da rigar ƙaddara, ta sa abin da mutane suka zaɓa da hankalinsu ya yi kama da abin da aka rubuta musu ba makawa.

6.0 Muryar Masu Jira

Ba za mu ce fim ɗin ya rufe bakin iyali ba. An ji daga 'yan gidan, kuma baƙin cikinsu ya fito ba tare da ado ba. Abin da muke tuhuma shi ne aikin da aka ba wannan baƙin ciki a cikin ginin labarin. Yawanci yakan zo ne a matsayin shaida ga girman jarumi, wato gwargwadon hawayen da aka zubar, gwargwadon darajar wanda aka rasa. Fargabar da ke gabanin hatsari, wadda ke iya tsayawa ta yi jayayya da mai komawa, ba ta sami fili daidai da makokin da ke bayansa ba. Makoki ba ya hana komai, shi ya sa labarin jarunta ke maraba da shi. Fargaba kuwa tambaya take yi, tana neman amsa.

Mai nazarin adabin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan tsari. A waƙoƙin maza, irin waɗanda Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi wa 'yan dambe kamar Shago, raina mutuwa shi ne babban abin yabo, kuma ba a tsayawa a tambayi uwar ɗan dambe yadda ta kwana. Ba mu zargin makaɗi da wannan, domin aikinsa zuga ne, kowa kuma ya san haka. Fim ɗin da ya gabatar da kansa a matsayin labarin gaskiya na wani gida yana ɗauke da alkawarin da ya fi na makaɗi nauyi. Gida ba mahaya kaɗai ba ne.

Haka kuma ya kamata mu lura da wani bambanci. A garuruwanmu, ɗan acaɓar da ya karye ya warke ya koma kan babur yakan ba iyalinsa amsa guda, wato abin da za a ci. Wannan amsa takan kashe gardama, ko da ba ta kashe tsoro ba. Robert ya koma ne ga abin da ya ɗauka shi ne kansa, wanda in babu shi bai san ko shi wane ne ba. Wannan hujja ta fi wuyar karɓa ga iyali, domin ma'anarta ita ce akwai abin da ƙaunarsu ba za ta iya maye gurbinsa ba. Fim ɗin ya kawo mu bakin wannan magana mai ɗaci, sannan ya kau da kai ya koma kan titi.

7.0 Kammalawa

Tarihi ya ƙara wa fim ɗin babi biyu bayan fitowarsa. A 2018 William ya janye daga tseren TT bisa dalilai na kansa, sannan bayan makonni kaɗan, a ranar 7 ga Yuli, ya rasu a lokacin gwajin tseren Skerries 100 a kusa da Dublin, yana da shekara 32. Michael ya ci gaba, kuma a 2024 ya zarce nasarori 26 na baffansa Joey. Wanda ya kalli fim ɗin a yau yana kallon mutum huɗu ne waɗanda uku daga cikinsu hanya ta ci. Mai neman hujjar jarunta zai same ta a wurin Michael, mai neman hujjar fargaba kuma zai same ta a wurin William, duk a gida ɗaya.

Mun nuna cewa Road ya cancanci yabo saboda bai mayar da Robert wawa ko waliyyi ba, ya bar mu mun ga mutum mai hankali yana zaɓar abin da ya san farashinsa. Mun kuma nuna cewa farashin ba shi kaɗai ya biya ba, kuma fim ɗin bai ƙirga rabon sauran da kyau ba. Darasin da ke nan ga matasan marubutanmu shi ne, duk wanda zai rubuta labarin mai komawa fage bayan ya sha da ƙyar, to ya ba mai cewa kada a koma hujja mai ƙarfi da baki mai kaifi daidai da na jarumin. Idan ɓangare ɗaya ne kawai ke da murya, abin da aka rubuta kirari ne. Labari yana samuwa ne a inda masu gaskiya biyu suka ja daga, kuma kowannensu yana ƙaunar ɗayan.